Layi Biyun da Yaya Bukar Ya Bar Mini

Shekara shida ke nan da aka kai Yaya Bukar makwancinsa a Gashuwa. Duk shekara idan watan ya zagayo nakan ce zan rubuta wani abu a kansa, sai in kasa. Bana na rubuta, amma ba don zuciyata ta kwanta ba, tsoro ne ya zaunar da ni. Yayana ya rasu ya bar mini kwamfutarsa da 'yar takarda mai layi biyu, ya ce in buga su a ciki. A kwamfutar nan kuwa akwai sakamakon gwajin ƙoda na duk mutanen gidanmu. Ban buga ba sai watan jiya.

Wanda ya san bakin kasuwar Gashuwa a shekarun baya zai tuna shagonsa. Yana buga wa mutane takardu, ya wanke hoton fasfo, ya cike wa ɗalibai fom. Abin da ya raba shi da sauran masu shago shi ne ba ya jan maus yana danne-danne. Baƙin allo yake buɗewa, babu hoto babu ado, ya rubuta wa kwamfuta abin da yake so. Idan aikin mai maimaituwa ne sai ya jera umarnin a fayil guda ya ajiye, gobe ya kira sunan fayil ɗin kawai, aiki ya yi kansa. 'Yan aike yake kiransu. Akwai mai buɗe wa kowace makaranta folda, akwai mai canja wa tulin hotuna suna kafin ka kurɓi shayi, akwai mai kutsawa cikin fayiloli ya zaƙulo duk wanda ke ɗauke da kalma kaza. Yakan ce sun fi mu amana, ba sa tsayawa hira a hanya.

Ni malamar firamare ce a Nguru, can aure ya kai ni. Wani hutu na je gida, ya matsa sai ya koya mini. Ya nuna mini alamar tauraro, ya ce duk inda na sa ta, ma'anarta kowa da kowa. Na ji daɗin abin, har na fara jin kaina. Ya fita sallar azahar ya ce in share masa foldar tarkace. Na buga umarnin gogewa na sa tauraro, ashe ba a foldar tarkace nake tsaye ba, a foldar tambayoyin jarrabawa na wata makaranta nake. Allon bai tambaye ni ko na tabbata ba, bai yi ƙara ba, layi kawai ya sauko yana jiran abin da zan ce gaba. Da Yaya ya dawo ya tarar da ni ina kuka, sai da ya ci dariyarsa ya ƙoshi sannan ya dawo da komai daga kwafin da yake ajiyewa. Shi a wurinsa magana ta wuce. Ni kuwa daga ranar ko kusa da baƙin allon nan ban ƙara zama ba.

Bayan ciwon ƙoda ya ɗauke Babanmu, Yaya ya canja. Duk ɗan Gashuwa ya san ciwon nan, ya san yadda ake kallon ƙafar mutum a wajen gaisuwa a ga ko ta kumbura. Yaya ya tattara mu, manya da ƙanana, yana kai mu gwajin jini da fitsari duk shekara. Amma takardun sakamako shi yake karɓa, don shi ne babba, kuma a gidanmu ba a kallon idon mutum a ce masa cuta ta kama shi. Babba ake gaya wa, shi ya san yadda zai lallaɓa. Kowa Yaya ya buɗe masa fayil da sunansa, ya rubuta lambobin da ke takardar. Sannan ya haɗa ɗan aiken da ke bin fayilolin ɗaya bayan ɗaya, duk wanda lambarsa ta haura inda likita ya ce ya ware shi gefe. Mukan tambaye shi ya aka gani, ya ce sai godiya, mu dai mu yawaita shan ruwa mu rage gishiri. Kowa haka yake ce masa, don haka ba wanda ya tsargu.

Ashe shi ma yana ɗauke da cutar. Ya ɓoye har sai da takalmi ya daina shigarsa. Zuwana na ƙarshe na same shi bayan la'asar a kan tabarma, fuska a cike, kwamfutar na kan cinyarsa. Ya miƙo mini ita da takardar.

"Falmata, idan kin samu sarari ki buga wannan."

Na ce, "Yaya, ka san ni da allon nan."

"Wannan ba ya gogewa. Nunawa kawai yake yi."

Na ce to, na cusa takardar a jaka. Bai yi wata guda ba bayan wannan ya rasu.

Kwamfutar ta zauna a ƙasan akwatina a Nguru, cikin zannuwa. Da farko ce wa kaina nake yi ina tsoron in goge abin da ya bari ne, tunda yanzu babu mai dawo mini da shi. Wannan gaskiya ce, amma rabinta. A layi na biyu na takardar akwai kalmar gwaji ƙarara, kuma ni ba yarinya ba ce. Na san abin da zai nuna mini. Na gane cewa yayana bakinsa ne ya yi nauyi, shi ya sa ya aiko ɗan aikensa ya faɗa. Duk lokacin da na ɗaga zannuwan na hango baƙin murfinta sai in mayar in rufe. Haka na yi ta kai yara makaranta, ina zuwa biki, ina zuwa gaisuwar mutuwa.

Nakan tambayi kaina me zai ce da ya ga yau. Yanzu mutum wayarsa yake gaya wa abin da yake so, ta rubuta masa umarnin ya kwafa, bai san me ya buga ba. Na san da sai ya kama haɓa ya ce wata rana za su share gidansu da hannunsu. Sakamakon gwaji ma ta waya ake turo wa mai shi kai tsaye, babu babban da zai tare. Wannan ban san ko zai yi murna da shi ba. Wataƙila da ya samu sauƙin kayan da ya ɗauka shi kaɗai.

Watan jiya na tashi da safe zobena ya ƙi fita daga yatsa. Kwana uku a jere ina ganin fuskata a cike a madubi. Ran na huɗu na ɗauki kwamfutar na hau motar Gashuwa, na kai wa Oga Sunday, mai gyara, tsohon maƙwabcin shagon Yaya. Batirin ya mutu tuni, amma da ya jona wuta ta tashi. Ya ce in kawo takardar ya buga mini, na ce a'a, ni aka ba. Ya ba ni kujera ya fita waje. Na buga layin farko harafi bayan harafi da yatsa guda, na duba sau uku ko a foldar da ya rubuta nake. Na buga na biyu. Gumi ya jiƙa mini hijabi kafin in danna.

Sunaye huɗu suka jeru. Na farko nasa. Na biyu na Gwaggo Amsa, ƙanwar Babanmu, wadda ciwon ya yi ajalinta shekara biyu da suka wuce, muna ta cewa ya zo mata farat ɗaya. Na uku nawa. Na huɗu na Zara, autarmu, da ke aure a Jakusko, wadda ko ciwon kai ba ta cika yi ba.

Na je asibiti washegari. Likita ya ce akwai abin da za a iya yi, ya kuma tambaye ni me ya sa sai yanzu. Na karɓi takardar magani na fito. Ina shan magani, ina jin tsoro, kuma ba na ɓoye wa kowa.

Idan na auna abin da ya rage na Yaya Bukar, shagon ya koma na sayar da waya, masu tuna dariyarsa suna raguwa. Aikinsa ne bai tsufa ba. Shekara shida ɗan aikensa yana jira, da aka kira shi kuma ya faɗi gaskiya babu ƙari babu ragi. Ina jin haushin Yaya da bai buɗe baki ba, ina kuma roƙon Allah Ya yafe masa Ya haskaka kabarinsa, don na ɗanɗana nauyin da ya hana shi magana.

Na ɗanɗana shi ne a bayan akori-kura, a hanyar Jakusko. Na yi ta shirya yadda zan ce wa Zara mu je a duba lafiya kawai, kamar yadda aka saba. Na same ta tana wa 'yarta kitso a tsakar gida. Na zauna, na riƙe hannunta, na gaya mata da bakina cewa sunanta yana ciki. Ba ta yi kuka ba. Ta ajiye tsinken kitson ta dube ni.

"Yaya Falmata, yaushe ya ba ki takardar?"

Na ce, "Kafin ya rasu."

Ta ƙirga da yatsunta. Sannan ta ce, "Lokacin ai Gwaggo tana da ranta."