Fatar Taurarin Bunu Marini

Bunu marini ne a Haɗeja, jikan Barebarin da suka taso daga bakin Tafkin Chadi. Ni Gumsu, shekara talatin da huɗu ina ɗakinsa, ban taɓa ganin farcensa fari ba. Ka zube masa zare shuɗi iri goma, kafin ka gama gaisuwa ya jera maka su daga mai haske zuwa mai duhu. To wannan idon da yake taƙama da shi ne ya ja mana.

Shekarar da layin dogo ya iso garin Malam Madori, Bunu ya samo jemammiyar fatar bijimi ya kafe a bangon zaure. Kullum kafin kiran assalatu sai ya tsaya bakin fadama ya ɗaga kai. Da hantsi ya ɗauki allura, kowane tauraro ya yi masa ƙullin zare ɗaya a fatar. Mai haske sosai a sama, mai dishi-dishi a ƙasa. Fari mai shuɗi-shuɗi a dama, ja a hagu.

Na ce, "Malam, wannan na ci ne ko na sha?"

Ya ce, "Dubi garwashin murhunki. Yana sabo fari ne, in ya kwana biyu a wuta ya yi ja, ya dushe, ya mutu. Taurari ma tsufa suke yi, kuma da yardar Allah sai na nuna."

Duk shekara yakan sake duba kowanne, in ya ga ya sauya ya warware ƙullin ya matsar. Shekarar da kogi ya cinye mana unguwa, mutumin nan fatar ya naɗe ya ɗora a ka ya shiga kwalekwale, tukwanena suna yawo a ruwa. Wallahi wata guda ban yi masa magana ba.

Sannu a hankali ƙulle-ƙullen suka riƙa gangarowa ƙasa ta hagu, dukkansu. Tarin taurarin nan da ake kira Kaza da 'ya'yanta, daga bakwai suka koma masa huɗu, suka yi jaja-jaja. Murna kamar ya zuba ruwa ƙasa ya sha. Ya aika wa malaman unguwa su zo ran Juma'a su ga hujja.

Ni kuwa na riga na ga yanar ido ta fara rufe masa gani. Na san Fannami, maƙwabcinsa a marina, yana sake tsoma masa zannuwa a ɓoye don kar a dawo da su. Na yi shiru. Tsoro ne, ba wani abu ba, kuma har yau ina jin haushin kaina.

Ran Alhamis Bunu ya ce in miƙo farin zare. Na ba shi wanda na kaɗa da hannuna.

"Fari na ce, ba ruwan goro ba."

Ya kai zaren bakin ƙofa, ya juya shi a rana, ya daɗe.

"Gumsu, tsakaninki da Allah, wane launi ne?"

"Fari ne, Malam. Fari fat."

"Kaza fa?"

"'Ya'yanta na nan yadda na san su tun ina yarinya."

Ya zauna a ƙasa, ba kan buzu ba. Can ya ce, "Ashe ba su ne suka tsufa ba."

Sai ya miƙo mini allurar. "Mayar mini da su inda suke da fari, kafin gobe."

Na dubi fatar. Ƙulli ya fi ɗari biyu, ba wanda aka rubuta wa suna, domin a kansa sunayen suke. Ko'ina huda ce ta shekaru, ban san ta wane ce ta wane ba.

Na ce, "Wanne zan fara da shi?"

Ya matsa har hancinsa ya taɓa fatar, yana shafawa da yatsu. Bai nuna ko ɗaya ba.