Butar da ta ƙona bakin Kawu

Ko da zan manta sunan titin da na zauna a Faransa, ba zan taɓa manta Asabar ɗin da kawuna ya ɗauki butarmu zai yi alwala ba. Yau gemuna ya yi fari, amma in na tuna sai dariya ta kama ni, kuma gabana ya faɗi kamar yanzu abin yake faruwa.

A tsakiyar shekarun tamanin ne. Ina karatun kanikanci a Lyon, muna zaune a unguwar Les Minguettes, a bene hawa na tara, ni da wani abokina ɗan Maradi da ke karatun haɗa sinadarai yana koyon aiki a wata masana'anta a Saint-Fons. Kafin in bar Damagaram, matan unguwa sun cika wa mahaifiyata kunne cewa duk yaron da ya je ƙasar Turawa mashayi yake komowa. Ita kuwa ta ce ban da nata. Ranar tafiya ta riƙe hannuna a zaure ta ce, "Ban ce ka kawo mini komi ba. Bakinka kawai nake so ka dawo mini da shi yadda na ba ka." Na ɗauki alkawari, kuma Allah ya sani ban karya ba.

Abin da ya shiga kaina a Lyon mota ne. Wani maƙwabcinmu zai kai tsohuwar motarsa wurin masu fasawa, muka roƙa ya bar mana, na gyara ta da hannuna. Duk Lahadi da rana samarin masana'antu da kanikawa suna taruwa a wani tsohon fili a bayan gari. A jera mota biyu, wani ya saki ƙyalle, wanda ya riga kai wa gangar da ke can ƙarshe shi ya ci. Babu kwana, babu dabara, taka kawai. Sau uku muna shiga, sau uku ana wanke mu. Akwai wani Bature mai ƙaton gashin baki da in ya wuce mu sai ya fito da hannu ta taga yana yi mana bankwana. Wannan hannun har mafarkinsa nake yi.

Wata rana abokina ya ce, "Ka san mi? Motar ba ta da laihi, abincinta ne. Motocin tsere na gaske barasa ake gauraya musu da isans, wato fetur."

Na ce, "A'uzubillahi!"

Ya ce, "Kai aka ce ka sha? Mota tana da addini ne?"

Ni kuwa halina ke nan tun ina yaro, in aka ce mini za a yi nasara, sauran maganar ba ta shiga kunnena. Muka riƙa zuwa kasuwa lokacin tashi muna kwaso ruɓaɓɓen tuffa da 'yan kasuwa suka zubar, muka cika ganga, muka bar shi yana kumfa a banɗaki. Daga nan abokina ya haɗa tukunyar girkinmu da wani murɗaɗɗen bututun jan ƙarfe da bokitin ruwan sanyi, abu ya soma ɗiga ɗis, ɗis, fari tas kamar ruwan famfo. Mun san doka ta hana, muka yi kamar ba mu sani ba. Muna kallon ɗigon muna rawa a tsakar ɗaki kamar waɗanda suka haƙo man fetur. Ranar Asabar ɗin kwalabenmu duk suka cika, abu bai daina zuba ba, abokina ya duba hagu ya duba dama, ya jawo buta ya tara.

Ba a yi awa ɗaya ba muka ji ƙwanƙwasa da sallama. Muryar Kawu ce, yayan mahaifiyata, mai sayar da shadda a Bobigny kusa da Paris. Mako mai zuwa zai tafi gida, ya san ni za a fara tambayarsa, shi ne ya hau jirgin ƙasa ya zo ya gan ni da idonsa ba tare da sanarwa ba. Muka kashe wuta, muka lulluɓe tukunya da bututu da bargo, muka bubbuɗe tagogi. Ɗakin nan wari yake kamar ka mutu, amma Allah ya taimake mu, mura ta toshe wa Kawu hanci ƙam. Muka durƙusa aka yi gaisuwa, ya tambayi karatu, ya tambayi sanyi, na tambayi iyali da kasuwa. Har na soma jin mun tsira.

Sai ya duba agogo ya ce, "Azahar ta yi. Ina butarku?"

Kafin in miƙe ya hango ta a bakin banɗaki, ya ɗauka da kansa. Na kalli abokina, abokina ya kalle ni, kowa yana jiran ɗan'uwansa ya buɗe baki. Muna ji ya zuba a hannu ya ce, "Kai, ruwan garin nan akwai sanyi." Sannan ya ɗiba ya kai baki.

Ban taɓa jin dattijo ya yi irin wannan ƙara ba. Ya fito yana tofi yana salati, hula ta faɗi, idanu sun yi jawur, hawaye na bin kunci. Murar da ya zo da ita daga Paris nan take ta warke. Ya shaƙi iskar ɗakin sau ɗaya, ya nufi bargo ya yaye. Ya daɗe yana kallon tukunyar, sannan ya zauna a bakin gado ya ce a hankali, "Da wane baki zan gaya wa uwarka?"

Nan dariya ta ƙare. Na ga fuskar mahaifiyata a tsakanin matan nan. Na durƙusa ina rantsuwa, "Wallahi Kawu, ko ɗigo bai taɓa shiga bakina ba. Mota ce za ta sha."

"Mota," in ji shi. "Ni da na ƙarar da ƙuruciyata ina jan kamiyo, babbar motar kaya, tsakanin Damagaram da Agadas, ban taɓa ganin mota mashayiya ba."

Abokina ya soma bayani rabi Hausa rabi Faransanci, Kawu ya ɗaga masa hannu. Ya ce, "Bar ni da karatunka. Gobe zan gani da idona. In ta sha, to. In ba ta sha ba, abin da bakina ya ɗanɗana shi zan kai gida." Ya sa muka juye komai cikin jarka ɗaya, ya ɗaure bakinta da hankicinsa, da ita ya kwana a gefensa.

Washegari a kan cinyarsa ya riƙe ta har filin. Shi ya zuba a tanki da hannunsa, ya girgiza jarkar har ɗigon ƙarshe. Turawa suka kewaye mu suna kallon dattijo cikin babbar riga. Na murɗa makulli, mota ta yi tari ta mutu. Na sake, ta sake mutuwa. Na yi bisimilla na murɗa na uku. Ta yi wani gurnani da ban taɓa jin ta yi ba, shuɗiyar wuta ta tartso ta salansa. Kawu ya zagaya baya, ya sunkuya ya shinshina hayaƙin, ya miƙe ya ce, "Ta sha, 'yar banza!"

Na ɗauka shi ke nan, sai na ga ya buɗe ƙofa ya zauna a gefena. Aka jera mu da mai gashin baki, aka saki ƙyalle. Tun daga nan Kawu ya manta shi alƙali ne. "Taka! Sa ta biyu! Ka bari ta yi kuka mana! Kai wa ya koya maka tuƙi?" Na ruɗe, na sa giyar mota ba daidai ba, hannun nan ya sake fitowa ta taga yana mana bankwana.

Muna tsayawa Kawu ya ce, "Hita." Ya tura abokina ya gaya wa Baturen a sake. Ya naɗe hannayen rigarsa a kafaɗa, ya cire takalmi, ya miƙa mini hularsa in riƙe, ya kama sitiyari, ni ina gefensa. Jama'a, ban san motar nan tana da wannan gudu a cikinta ba. Bayana ya manne da kujera, ina ihu, Kawu yana ihu yana dukan sitiyari yana yi mata kirari kamar raƙumi. Da muka zo daidai ganga mun ba mai gashin baki tazarar rabin mota, Kawu ya fito da hannu ta taga ya yi masa bankwana. Na yi dariya har cikina ya ƙulle.

Fili ya ɗauki tafi. Abokina ya rugo yana tsalle, takalminsa ɗaya ya fita bai sani ba. Baturen ya zo ya ba Kawu hannu, ya miƙa masa kwalbar giya. Kawu ya nuna mota ya ce, "Gaya masa ta sha nawa." Ya ciro goro ya ba shi. Mutumin ya gatsa, gashin bakinsa ya karkace, muka sake zubewa ƙasa don dariya.

Muna komowa gida fuskarsa ta canza kamar ba shi ya yi ihu ba. Ya sa aka aro guduma. Ya ce, "Mota ta sha, na gani. Amma yau mota, gobe wani abokinku zai roƙa, jibi ku ne." Abokina da kansa ya daddake bututunsa kamar zai yi kuka. Butar kuwa Kawu ya jefa ta cikin shara. Da na raka shi tasha na yi ƙarfin hali na ce, "Kawu, mi za ka ce mata?" Ya ce, "Abin da na gani."

Wata biyu na yi abinci ba ya mini daɗi, don ya ga abubuwa da yawa, ban san wanne zai zaɓa ba. Da ya dawo ya aiko in same shi a Bobigny. Ya ajiye mini ƙunshi da kaset, ya ce in sa a gabansa. Na sa kaset, na danna rediyo. Muryar mahaifiyata ta fito, ta gaishe ni, ta sa mini albarka, ta ce, "Kawunka ya ce ya iske ka lahiya, bakinka yana nan yadda na ba ka. Na gode wa Allah. Sai dai ya ce tuƙinka na tsohuwa ne, kuma wai ɗakinku babu butar kirki. Ban san wace irin ƙasa ce wannan da buta ke wuya ba. Ga wata nan na aiko maka."

Na kwance ƙunshin, ga buta sabuwa fil. Na ɗaga kai, Kawu yana taunar goro yana kallon rufin ɗaki. Na fashe da dariya, ban san lokacin da ta koma kuka ba.

Mutumin nan yana riƙe da mutuncina a cikin bakin da na ƙona masa, bai yi wa mahaifiyata ƙarya ba, bai kuma tona mini asiri ba. Daga ranar na koyi cewa in yaro ya yi wauta, ka je ka gani da idonka kafin ka yanke masa hukunci, ka fasa tukunyar a inda ka same ta, uwarsa kuma ka kai mata abin da za ta iya ɗauka. Yanzu ni ma kawun wasu ne, haka nake yi musu. Butar tana nan a gidana, kuma har yau ba na kai ruwanta baki sai na shinshina.