Ƙwaryar da Na Huda

Shekara huɗu ke nan da rasuwar kakata, Inna Tumba, kuma tun daga lokacin ba wanda ya sake bi na da muciya. Na tsokani duk matan gidanmu ko za a samu magajiya, sai dai su kai ƙarata wurin Baba. Inna ba ta kai ƙara. Da wasan jika da kaka take kira na Maigida, da shi kuma take kora ta har bakin rijiya.

Zanen ƙwarya ne sana'arta. Kafin ruwan madatsar Bakolori ya cinye ƙauyenmu na wajen Maradun, a bayan ɗakinta take shuka duma. Ba ta yarda a yabi ƙwarya da ido kawai. Duk wadda ta gama zanawa sai ta kife ta a kan ruwa, ta buga da 'yan sanduna biyu. Wadda ba ta yi amo ba, komai kyanta, ta kaji ce. Akwai wata babba daga duman ƙarshe na tsohon gida. In Inna ta buga ta, ni dai na ce har mahautan Bakura kan ajiye wuƙa su saurara.

Bayan an tashe mu, makarantarmu a Talata Mafara ta shirya baje kolin sana'o'in hannu. Na yi ta naci har Inna ta ara mini babbar, da sharaɗin a kife ta a ruwa, a ajiye sanduna, duk mai wucewa ya buga. Da na shiga ɗakin sai na tarar da tabarmi da huluna da fatu rataye reras a bango. Na ga tawa za ta zauna a ƙasa kamar kwanon wanki. Na samo ƙusa, na huda ta a tsakiya, na rataye ta sama da kayan kowa. Aka yi ta yabo, kaina ya kusa taɓa rufi.

Ranar ƙarshe Inna ta zo. Ta miƙa hannu ta ƙwanƙwasa ƙwaryar. Abin da ya fito kamar tarin tsoho. Na gyara tsayuwa don gudu, amma ba ta ko dube ni ba.

"Maigida," ta ce, "mi ta yi maka, ka rufe mata baki?"

Ta sauke abarta, ta ɗora a ka. Inna ba ta ga wata damina ba.

Bana ma an yi baje kolin. An jera ƙore a bango, an ajiye rediyo mai kaset a lungu yana kiɗan ƙwarya. Da Inna na nan, na san sai ta leƙa bayan rediyon ta tambayi inda aka ɓoye matan. Ko za ta ce an kyauta, tunda dai an tuna ido kaɗai ba ya isa? Ban sani ba, kuma ba wanda zan tambaya.

Tun rasuwarta ƙwaryar tana ɗakina. In na kife ta a ruwa, iska na fita ta hujin, sai ta nutse a hankali. Na gano in na toshe shi da babban yatsa, muryar na dawowa, kusan yadda take a tsohon gida. Sai dai hannu ɗaya ke rage mini, kiɗan Inna kuwa na sanduna biyu ne. Sai da mutum biyu: ɗaya ya toshe, ɗaya ya buga. Ni na iya toshewar.