Wayoyi Huɗu da Aka Aika Maiyama da Sunana

Shekarun baya, ana tsakiyar cirar albasa, layin wayata ya ɗauke ɗif ina gona a ƙauyen Kashin Zama. Ni da wautata na ɗauka sabis ne, har kan tudu na hau ina ɗaga waya sama. Kwana huɗu ban damu ba, daɗi ma na ji don dillalai sun bar ni na sarara.

Ina da aboki mai shagon wayoyi a kasuwar Jega, tun firamare muke tare. Tsakaninmu babu takarda babu shaida. In wani nawa yana son waya, saƙo nake tura masa, ya naɗe ta a kwali, ya rubuta lambata a kai, ya ba direba a tasha. Haka ake yi a nan, duk wanda ya kira direba da lambar da ke jikin kwali shi ne mai kaya. Akwai ranar da ya kira ni don ya tabbatar da wani saƙo, na rufe shi da faɗa: "Ni za ka tsaya yi wa tambayoyi? In ka ga saƙona, aiko kawai!" Ya yi dariya ya ce, "Allah shi huci zuciyarka, sarkin zafi." Daga ranar bai ƙara tambaya ba.

Da na dawo daga gona na biya shagonsa. Ko zama ban yi ba ya ce, "Wayoyin ga huɗu sun isa Maiyama lafiya?"

Na ce, "Waɗanne wayoyi?"

Ya miƙo mini wayarsa. Ga lambata, ga saƙo: aiko manya guda huɗu tashar Maiyama, ina gona, sai na shigo. Maimakon in tsaya in yi tunani, sai bakin nan nawa ya riga ni. A gaban maƙwabtansa na shago na ce, "In kasuwa ce ta juya maka baya ka faɗa mini, ba ka ƙulla mini sharri ba."

Ya ce, "Ni kac ce ma haka?" Sai ya mayar da wayar aljihu. "Tahi abinka, na yahe."

Washegari a ofishin kamfanin layi aka gaya mini wani ya zo ya ce layinsa ya ɓata, an yanka masa sabon sim da lambata. Ko wane ne, ya san yadda muke hulɗa sarai. Har yau ba a gano shi ba.

Wallahi daga ofishin nan zuwa shagon abokina ko acaba ba sai na hau ba, amma kunya ta hana ni. Mahaifiyata ta ce, "Ɗan nan, je ka ba shi haƙuri, ba wayoyi yake jira ba." Na ce mata a'a, ba zan je hannu sake ba. Albasata tana rudu, rumbun da muke ajiye ta a ciki, bari ta yi tsada in sayar in kai masa kuɗin kayansa, in haɗa da ban haƙuri. Wata uku ina wucewa ta Jega ina kau da kai.

Ana saura mako in fitar da albasar aka kira ni da hantsi, wai abokina ya rasu bayan zazzaɓin kwana biyar. Ban ma san ya kwanta ba.

Ranar uku matarsa ta sa aka shigo da ni zaure, ta yi magana daga bayan labule. Ta ce, "Ya bar maka saƙo. Ya ce ya san ba kai ne ba. Ya ce laihinshi ne, da ya kira ka kahin ya aika, da duk wanga bai faru ba."

Nan na zauna a ƙasa na yi kuka kamar ƙaramin yaro, don ni na hana shi kiran.

Albasa ta yi tsada a shekarar, na kai wa iyalinsa kuɗin, suka karɓa da godiya. Haƙurin ne dai ban sami wanda zan ba ba. Yanzu duk wanda ya kira ni ya ce, "Kai ka turo saƙon nan?" ko ina tsakar aiki sai na tsaya na amsa masa da daɗin rai. Ɓarawon nan wayoyi huɗu kawai ya ɗauka. Sauran ni na yi wa kaina.