Mai neman rawani ya ja mu raka'a biyar

Jama'a, ku zo ku ji abin kunyar da na gani yau a zauren malaminmu a Malumfashi!

Muna cikin karatun hantsi sai ga wani Ɗan'azumi daga wajen Maska, bisa doki, ya sha alkyabba. Wai limamin ƙauyensu ya rasu, shi ke son limancin, don haka yana so Malam ya naɗa masa rawanin sauka yau-yau. Mu da muka shekara tara muna gugar buzu ba mu samu ba!

Malam ya ce, "Me ka karanta?"

Ya ce, "Nahawu da lugga, Allah gafarta Malam. A Larabci kam sai dai in koyar."

Malam ya ce, "A nan ba a sauka da fanni ɗaya. Sai an haɗa da tauhidi da fikihu da rabon gado."

Ya yatsine fuska. "Fikihu ai karatun yara ne."

Da azahar ta yi sai Malam ya ce masa, "Bismilla, ja mu."

Wallahi raka'a biyar ya yi mana! Muna ta subhanallahi, ko a jikinsa. Da ya sallame aka gaya masa, ya juyo yana zufa. "To, wanda ya ƙara, kabli zai yi ko ba'adi?"

Sai Iya Hajo mai fura, da ke zaune bakin masallaci, ta ɗaga murya: "Ba'adi, ɗan nan! Wane kabli bayan ka sallame?"

Malam ya dube shi ya ce, "Fara ɗaukar karatu wurin Iya. Ran da ta sallame ka, ka zo mu yi magana."