Kajin da Aka Kwance wa Rawani

A unguwar Mount Hope da ke Bronx muka tashi, a hawa na biyar na wani dogon gini da liftarsa take aiki ran da ta ga dama. Idan sanyi ya shigo, hitar gidan takan kwana tana ƙara kamar ana dukan ƙarfe, ɗakuna su yi ɗumi har mutum ya cire rigar sanyi. Duk da haka Kaka ba ta yarda a yi hira a falo ba. Ta ce labari ba ya daɗi in ba a ganin wuta. Da an idar da sallar isha'i, wadda a lokacin sanyi take yi tun wajen ƙarfe shida, sai ta kunna murhun gas, ta ɗora butar shayi da citta da kanumfari, ta rage wutar har ta zama wani shuɗin zobe, ta shimfiɗa tabarma tsakanin firji da kwandon albasa. Ni da ƙanina Abba mu zauna. Mama tana aikin yamma a asibiti, Baba kuma bai riga ya dawo ba.

Kaka mahaifiyar Baba ce, sunanta aka sa mini, shi ya sa ake kirana Ummi. Daga Kano ta zo rainon Abba. Da ya shiga makaranta sai zaman gida ya ishe ta, ƙawarta Hajiya Memuna 'yar Kumasi ta haɗa ta da aikin kula da tsofaffi. Baba bai so ba.

"Hajiya, in aka ji a gida me za a ce?"

"Su faɗi abin da suke so. Ƙafafuna ba su mutu ba tukuna."

Aka tura ta Queens, can wani gefen birnin, wajen wata tsohuwa 'yar ƙasar Nepal da ɓarin jikinta ya shanye. Kowa a gidan yana ce mata Ama, wato uwa a harshensu, Kaka ma ta bi sahu. Jirgin ƙasa biyu take hawa kafin ta isa. Turancin Kaka kaɗan ne, na Ama ma bai fi nata ba, amma wuni guda suke yi tare, ɗan Ama da matarsa suna wajen aiki, jikarta tana makaranta. Da hannu, da tsofaffin hotuna, da 'yan kalmomin da suka tsinta suke hira. Abin da Kaka ta samo ranar, shi za ta kawo mana da yamma.

Ina shekara goma ranar da ta zauna ta gyara mayafi ta ce, "Ga ta nan, yau daga kan dutse ta gangaro. Kuma ba tatsuniya ba ce, ya faru. Labarin Kaji ne."

Abba ya fashe da dariya, ya tashi yana kaɗa gwiwar hannu yana kukan zakara. Kaka ta nuna shi da cokali.

"Kai da Hausarka ba ta wuce ta abinci ba. Zauna. Wannan Kaji mutum ne, kuma ya fi ƙarfin tukunyarka."

Ta ce a ƙasar su Ama, inda duwatsu suka fi na ko'ina tsawo, Kaji sarauta ce. Tun masarautarsu tana ɗan ƙaramin gari a kan tudu, Kaji shi ne na hannun daman sarki. Shi yake ba da shawara a fada, shi kuma yake jan runduna in yaƙi ya tashi. "Waziri ne da Madaki a jiki ɗaya," in ji ta. Da ƙasar ta faɗaɗa sai aka riƙa naɗa Kaji huɗu, da babbansu a kansu. Wasu ma sun ce kalmar 'yar'uwar alƙali ce ta wajenmu, daga tushe ɗaya suka fito. Wannan ya yi wa Kaka daɗi sosai, ta ce ashe dangi ne.

Abin da ya fi burge ta shi ne wata al'ada tasu. Kowace shekara akwai lokacin da duk mai muƙami yake sauka, babba da ƙarami. Sarki ya duba aikin kowa. Wanda ya yarda da shi ya mayar masa da rawaninsa, wanda bai yarda da shi ba ya koma gida ya ɗauki fartanya. Kaka ta kaɗa kai ta ce, "Da haka ake yi a wajenmu, da an ga gudu."

Kakan kakan Ama yana cikin waɗanda aka naɗa. Ama ba ta taɓa kama sunansa ba, Kajinmu kawai take cewa. Wata shekara sarki ya ba shi runduna, ya ce ya ƙetara da ita ta wani mashigi tsakanin duwatsu kafin ƙanƙara ta rufe hanya. A can ba a kai kaya da amalanke. Mutanen ƙauye ne suke goya kayan soja a baya, cikin kwando, da igiya a goshi. Da ya isa ƙauyen ƙarshe a gindin dutsen, dattawa suka same shi suka ce an makara, tsuntsaye sun riga sun sauko, dutsen zai rufe. Ya zauna da su kwana biyu yana tambaya yana saurare. Sannan ya aika wa sarki cewa ba zai hau ba. Sarki ya sake aikowa, ya ce umarni ne. Kaji ya je fada da kansa ya faɗi ya yi gaisuwa.

Nan Kaka takan sunkuyar da kai ta canja murya. "Ranka ya daɗe, in na hau da mutanen nan ba zan sauko da su ba. Kaina naka ne, ka yi yadda kake so da shi. Nasu kuwa ba nawa ba ne da zan bayar."

Da lokacin sauka ya zo, kowa aka mayar masa da rawaninsa ban da shi. Aka naɗa wani a gabansa. Ya fita daga fada da kai ba komai, ya koma ƙauye da ƙafa, ya shiga noman gero a gonakin da ake sassaƙawa a jikin tudu kamar matakala.

A nan labarin ya tsaya kusan mako guda, domin Ama ta yi mura ba ta iya magana. Kullum sai mun tare Kaka a bakin ƙofa. Ni da nake amsa mata komai da Turanci, sai ga ni ina cewa, "Kaka, yaya jikin Ama?" Ta kalle ni ta gefen ido. Ranar da hirar ta dawo, da gyara ta fara.

"Rannan na yi muku ƙarya ba da sani ba. Na ce muku dawakai ne da mutanen dutsen. Ba dawakai ba ne. Ta nuna mini hoto yau, wasu shanu ne masu gashi har ƙasa, kamar an yafa musu bargo."

Haka take yi. In ta gane ta fahimci wani abu a karkace, ba ta barinsa ya kwana biyu a kunnenmu.

Sabon Kaji ya ɗebo 'yan dako daga garuruwan kwari, waɗanda ba su san dutse ba, ya hau da runduna. Ƙanƙara ta sauko ta rufe su gaba da baya. Mutum ɗaya ya samu ya gangaro da rarrafe ya kawo labari. Manzannin fada suka bi ƙauyukan gindin dutse suna ba da umarni a hau a ceto su, ba wanda ya leƙo daga ɗaki. Sai ga tsohon Kaji ya iso da kayan noma a jikinsa. Ya tsaya a tsakar ƙauyen ya ce shi yanzu ba shi da ikon aiken ko yaro, don haka ba ya aiken kowa. Ya ɗaura igiya a ƙugu ya kama hanya. Kafin ya kai kwanar farko ya ji ƙararrawar shanun nan a bayansa. Ƙauyen gaba ɗaya ya biyo shi, har da mata masu ɗauke da tukwanen shayi.

Ba duka aka samu da rai ba. Waɗanda aka samu an sauko da su, cikinsu har da mutumin da aka ɗaura wa rawaninsa, wanda tsohon Kaji da kansa ya goyo shi wani ɓangare na hanya. Sanyi ya cinye wa tsohon Kajin yatsun ƙafar hagu. Da shekara ta zagayo sarki ya aiko da rawani har ƙauye, da makaɗa, mai shela yana cewa an mayar wa Kaji sarautarsa. Wata tsohuwa ta leƙo ta taga ta ce, "Au, da an cire ne?"

Kaka takan tafa hannu a nan ta yi dariya har da hawaye, duk sau nawa ta ba da shi.

Sauran tarihin ba shi da daɗi haka, kuma ba ta ɓoye mana ba. Daga baya manyan fada suka juya wa juna, aka zubar da jinin Kaji da yawa a rana ɗaya. Wani gida ya karɓe ragamar mulki ya mayar da ita gado, sarki ya zama na ado, sarautar Kaji ta yi ta gangarowa har ta zama ta ma'aikatan ofis. 'Yan shekaru kafin Kaka ta san Ama, aka soke sarautar ƙasar baki ɗaya. Ama ta gaya mata cewa yanzu ko ɗan gatan da ba ya son wanke kwanonsa, Kaji ake ce masa don zolaya.

Shekara uku Kaka ta yi da ita. Ama ta rasu ina shekara goma sha biyu, bishiyoyin titin Grand Concourse sun fara fitar da ganye. Kaka ta jira suka gama kwanakin makokinsu, sannan ta sa farin mayafi ta ce in raka ta ta'aziyya. Gidan cike yake da mutane, an zauna a ƙasa, ga hoton Ama da furanni. Ɗanta Bikas, mai harhaɗa magani ne, ya aske kansa ƙwal. Ya haɗa hannu ya gaishe da Kaka, ya kai ta kujera. Can ya ce da Turanci, mahaifiyarsa ta faɗa masa kafin ta rasu cewa in yana son labarin kakansu ya tambayi Hajiya.

"Duk lokacin da ta fara, tashi nake yi," in ji shi. "Na ƙi jinin zancen sarauta. Mutanen nan a kan bayan talakawa suka yi rayuwa. Amma 'yata tana tambaya, ni kuma ba ni da abin gaya mata."

'Yar tasa Nisha sa'ata ce, tana zaune kusa da shi. Kaka ta fara da Turancinta, ta yi jimla biyu ta maƙale. Sai ta juyo gare ni.

"Ummi, zan faɗa, ki juya musu. Kada ki ƙara, kada ki rage."

Na buɗe baki zan ce ba zan iya ba. Amma ta riga ta fara, kuma abin da ta fara da shi amsa ce ga Bikas.

"Gaya masa gaskiyarsa ne. Uwarsa ma ta faɗa mini, da yawansu azzalumai ne, ta ce wasu har a danginsu. Ta ce shi ya sa ta riƙe wannan ɗayan da kyau."

Na juya musu da Turanci. Daga nan ta ba da labarin tun daga garin kan tudu har zuwa tsohuwar da ta leƙo ta taga, ni ina binta jimla bayan jimla. Wani dattijo a kusurwa ya riƙa gyaɗa kai, sau ɗaya ya gyara mata sunan mashigin, ta yi masa godiya ta maimaita har ta iya. Da aka zo wajen yatsun ƙafa, Bikas ya rufe fuska da hannu. Ya ce yana yaro ya taɓa ganin wani tsohon takalmi a gidan kakarsa da aka cusa wa tsumma a gaba, bai taɓa tambayar na wane ne ba.

Muka kamo hanyar gida a jirgi har muka ƙetare kogi. Sannan Kaka ta ce, "Kin yi ƙoƙari. Wuri ɗaya kika rage, na ji." Ban san yadda aka yi ta ji ba, amma gaskiya ne.

Ina ƙarama, Kaji nake alfahari da shi, kamar kakana ne. Nakan kwanta ina ganinsa da igiya a ƙugu. Sai da na girma na fara aikin jinya da kaina na san nauyin abin da Kaka ta yi. Na san yadda mutum yake gajiya bayan ya ɗaga tsoho ya yi masa wanka ya canja masa shimfiɗa, da yadda yake da sauƙi ka ce to, to, hankalinka yana kan agogo. Ita ba a ɗauke ta aikin saurare ba. Ta saurara shekara uku, a harshen da ba nata ba kuma ba na mai maganar ba, tana komawa tana tambaya har ta tabbatar. Tarihin gidan manya na wata ƙasa mai nisa ya kusa bin tsohuwa kabari a Queens, matar da ta zo daga Kano ba ta taɓa shiga aji ba ita ta tare shi.

Daga baya Kaka ta koma gida Kano, can Allah ya karɓi abarsa. Da Nisha ta ji, ta zo har Bronx da mahaifinta, suka cire takalma suka zauna a ƙasa cikin 'yan zaman makoki. Baba ya ɗan ruɗe, ya rasa yadda zai gabatar da su ga mutanen masallaci. Bikas ya riga shi.

"Mu ma mahaifiyarmu ce," ya ce. "Ita ta gaya mana ko mu su wane ne."