Ƙarar Sabon Babur Ɗina Da Sunan Abokina

Shekarun baya, can tsakiyar shekarun saba'in, ina malamin firamare a Furfuri, na sayi babur ɗina na farko. Lokacin ne aka yi wa ma'aikata ƙarin albashi, duk malamin da ka sani ya jingine kekensa ya hau mashin. Ni ma na je Gusau na fito da nawa sabo fil a akwati, ja, aka haɗa shi ina tsaye. Ledar kujera sai da ta yi wata uku ban cire ba. Idan na taso daga makaranta na shigo Bungudu, sai na zaga ta bakin kasuwa ko da ba ni da abin saye.

Ina da wani aboki a Bungudu wanda muka tashi tare tun muna yara. Ni na wuce boko, shi ya kama gyaran keke a gindin wata bishiya kusa da tasha. Mutum ne mai hannu da kunne, keke na wucewa zai gaya maka abin da ke damunsa. Da ya ga babura sun fara yawa, sai ya yi wata shida yana zuwa Gusau koyon gyaransu, ya sayar da tumakinsa ya sayo sifanu. Abu ɗaya ya rage masa: mutum guda ya yarda ya ba shi babur, sauran su gani su biyo. Malaman yankin duk ni suka zuba wa ido, tunda ni ne abokinsa.

Ranar da na kai babur gida, mahaifiyata ta zagaya shi sau biyu ba ta taɓa ba. Washegari ta miƙo mini wata 'yar laya, an ɗinke ta da jar fata, da zoben ƙarfe a jikinta. Ta ce, "Ka ɗaura mai wagga. Bakin mutane ba shi da kyau."

To ni a lokacin ina ji da boko. A majalisarmu ni ne shugaban masu yi wa 'yan laya dariya. Ba zan iya mayar wa Inna hannu ba, ba kuma zan iya rataya ta a hannun babur kowa ya gani ba. Sai dabara ta zo mini irin ta masu ilimi. Babura na lokacin suna da murfin ƙarfe da ke rufe sarƙa ruf. Na kwance notinsa, na ɗaure layar daga ciki da igiyar rama, na mayar na ɗaure. Har yaba wa kaina na yi.

Da lokacin canza baƙin mai ya yi, na kai wa abokina. Ba zan manta ba, sai da ya wanke hannu da sabulu kafin ya taɓa babur ɗin. Ya canza mai, ya ɗan ja wayar kuloci da ta saki, ya goge shi tas da gefen rigarsa. Ranar bakinsa bai rufu ba.

Bayan kwana uku ƙara ta fito. Da na sa giya ta ɗaya na saki kuloci, sai in ji ƙwal! kamar an buga cokali a kwano. Idan na faɗa rami, ƙwal-ƙwal. Idan hanya ta miƙe ina tafiya daidai, shiru. Sabon babur! Abinci ma ya daina yi mini daɗi.

Na koma wurinsa raina a ɓace. Na tarar da malamai biyu zaune a bencinsa, ɗaya har ya turo nasa mashin ɗin. Abokina ya hau, ya saki kuloci sau uku, ya karkata kai yana saurare. Sai ya sauko, ya matso kusa da ni, ya yi ƙasa da murya.

"Wanga ba kuloci ba na. Daga baya ƙarar taka hitowa. Ka bar min shi, in mutane sun watse in buɗe murhin sarƙa."

Ban kawo wa raina layar ce ke ƙara ba, ko kusa. Abin da na hango kawai shi ne a buɗe murfin nan, labari ya kai majalisa. Sai na fizge babur ɗin, na ɗaga murya yadda kowa zai ji.

"Kar ka ƙara taɓa komai! Wanda ka taɓa ma ya isa. Lafiyarsa ƙalau kafin ka ja wayar nan. Babur ba keke ba ne!"

Malamin da ya turo mashin ɗinsa ya miƙe a hankali, ya ce ya tuna yana da wani uzuri.

Asabar na tafi Sabon Gari a Gusau wurin wani bakanike. Da ya ji cewa mai gyaran keke ne ya taɓa, ko saurarar ƙarar bai yi ba. Ya farke gefen inji, ya zare fayafayan kuloci na sabon babur, ya ce an ƙona su, ya sa wasu. Kafin in bar gari na sake jin ƙwal. Duk da haka na zuba tsoffin fayafayan a aljihu, na riƙa fito da su a majalisa ina nunawa. Wanda bai san komai game da inji ba ya juya su ya girgiza kai, ya ce lallai an yi ɓarna.

Bayan mako biyu na je Tsafe bikin suna a gidan wani abokin aiki. A hanya ƙarar ta ƙaru har da wani gurzawa. Aka nuna mini wani dattijo a bakin titi, wanda aka ce ya daɗe yana gyaran injinan gurzar auduga kafin ya koma babura. Tsohon bai yi gaggawa ba. Ya ɗora babur a kan ƙafarsa ta tsakiya, tayar baya ta tashi sama. Ya tayar da shi, ya kafa bakin sukundireba a jikin inji, ya kara ƙotar a kunnensa, ya matse kuloci ya saki.

"Nan lahiya lau," in ji shi.

Ya sa giya ɗaya bayan ɗaya yana saurare. "Nan ma lahiya." Ya kashe inji, ya kama tayar baya ya girgiza hagu da dama, ba ta motsa ba. Sai ya juya ta gaba da hannu, ya dawo da ita baya da ƙarfi. Ƙwal! Ya dube ni. "Ka ji? Inji a kashe, kuloci na kwana, amma ga ƙara. Mi ac cikin murhin ga?"

A Tsafe ba wanda ya san ni, sai na ƙyale shi ya kwance. Ga layata nan, mai ya jiƙa igiyar ta saki, tana reto. Duk lokacin da sarƙa ta ja, sai ta maka zoben a jikin murfi. Fatar duk sarƙa ta taune ta.

Tsohon ya ɗaga ta da yatsu biyu. "Malam, da wagga ta shiga tsakanin sarƙa da haƙora kana gudu, da yanzu wata magana aka yi. Wa yac ce maka kuloci na?"

Na ce wani ne a Gusau, amma akwai wanda tun farko ya ce a buɗe nan.

"To wancan shi ab bakanike. Ka riƙe shi."

Tun daga Tsafe har Gusau, daga Gusau har Bungudu, babur na tafiya shiru, ni kuma ina shirya kalmomin da zan faɗa. Na rantse a raina kai tsaye gindin bishiyar nan zan nufa. Amma sai na fara biyawa ta majalisa. Wani ya ce, "Malam, ina ƙara?" Idanu suka yo kaina. Na ji bakina yana cewa, "An gyara a Tsafe. Ai kulocin ne."

Shi ke nan. Babu malamin da ya sake kai masa mashin, 'yan kasuwa kuma abin da malamai suka yi suke bi. Kafin shekara biyu wani baƙo ya buɗe garejin babura daidai tsallaken titi, yana kallonsa. Abokina ya koma facin tayar keke. Kullum na wuce sai ya ɗaga hannu ya ce, "Malam, an taso?" Ni kuma in danna hon in ƙara mai. Tun ina cewa gobe zan tsaya, har na daina cewa.

Shekara goma sha takwas bayan nan mahaifiyata ta rasu. Kwana uku abokina yana zaune tare da mu a ƙofar gida yana karɓar gaisuwa. A rana ta uku, bayan la'asar, muka rage mu biyu a kan tabarma. Na gaya masa komai, tun daga igiyar rama har tsohon Tsafe. Ya saurara yana wasa da carbi, hannuwan nan duk sun yi kanta.

Ya ce, "Ai na sani."

Na dube shi.

"Inna ta hwaɗa min tun randa tab ba ka. Tac ce in riƙa duba maka ita kar ta hwaɗi. Ban gan ta ga hannun babur ba, kuma nij ji ƙarar. Shi yas sa nic ce ka bari mutane su watse."

Na ce, "To me ya hana ka faɗa? Me ya hana ka wanke kanka?"

"Kai ka ɓoye abinka, ni zan tone ka gaban malamai? Na ɗauka gobe za ka zo."

Ya ce ya yafe tun tuni, na kuma yarda ya yafe. Ni ne ban yafe ba. Mutane suna cewa in daina, ƙuruciya ce. Ba ƙuruciya ba ce. Ranar farko ban sani ba, wannan na yarda. Amma daga Tsafe zuwa gaba na sani sarai, na auna dariyar yamma ɗaya da sana'ar mutum, na zaɓi kada a yi mini dariya. Majalisar da na ji wa tsoro ta watse tun da daɗewa, rabin mutanen ko fuskarsu ba na tunawa.

Shi ma ya rasu yanzu. Da aka zo fitar da kayansa, aka sami sifanun nan a ƙasan akwati, a naɗe cikin tsumma, an shafe su da mai don kada su yi tsatsa. Aka tambaya ko akwai wanda ya san na mene ne. Ina zaune a wurin. Wannan karon na buɗe baki na faɗa, sai dai wanda ya kamata a wanke a gaban mutane ba ya nan.